Tambayoyi da Amsoshi kan Allunan Ƙari na Raspberry Pi: Haɗa Sensa da Ba da Wuta

Amsoshin nan sun fi karkata ga Raspberry Pi, ƙaramar kwamfuta mai allo ɗaya, domin ita ce ta kafa tsarin ƙafafu 40 (tsinkayen ƙarfen da ake haɗa waya a kansu) da sauran ƙananan kwamfutoci suka kwaikwaya. Kowace ƙafa tana da lamba iri biyu: lambar jerinta a kan allo, daga 1 zuwa 40, da lambar GPIO (ƙafafun shigar da sigina da fitar da ita) da manhaja ke amfani da ita. Idan muka ce "ƙafa ta 7" jeri muke nufi, idan muka ce "GPIO4" lambar manhaja ce, kuma waɗannan biyun ƙafa ɗaya ce. Rikita lambobin nan kaɗai ya isa ya ɓata wa mutum yini guda.

Mene ne allon ƙari, kuma me ya sa ake kiran wasu HAT?

Duk allon da ake dasawa a kan ƙafafun Pi domin ya ba ta abin da ba ta zo da shi ba, allon ƙari ne: soket ɗin sensa, agogo, rile, batir, direban mota, ko hanyar shigar wuta. Pi ta farko da ta fito daga Cambridge ta Ingila a 2012 ƙafafu 26 gare ta. A 2014 aka fitar da Model B+ mai ƙafafu 40, aka kuma fitar da ƙa'idar HAT (Hardware Attached on Top, wato kayan da ake ɗorawa a sama): allo mai kusan milimita 65 a 56, da ramukan sukuru huɗu da suka dace da na Pi, da wata ƙaramar ma'ajiya ta EEPROM a ƙafa ta 27 da ta 28. Pi tana karanta wannan ma'ajiyar lokacin tashi, ta san wane allo ne a kanta, ta shirya masa ƙafafun da yake buƙata. Shi ya sa ba a haɗa komai a 27 da 28.

Idan kana son sanin ko Pi ta gane allonka, rubuta `cat /proc/device-tree/hat/product`. Alluna da yawa da ake sayarwa da sunan HAT ba su da EEPROM kwata-kwata. Wannan ba lalacewa ba ce, sai dai kai za ka yi saitin da hannunka a fayil ɗin `config.txt`. A ƙarshen 2023 an sabunta ƙa'idar zuwa HAT+, bayan fitowar Pi 5.

Wace ƙafa ce ke yin me?

Ƙafa ta 2 da ta 4 suna ba da 5V. Ta 1 da ta 17 suna ba da 3.3V. GND, wato nagetif, guda takwas ne: 6, 9, 14, 20, 25, 30, 34 da 39. I2C, SPI, siriyal da 1-Wire hanyoyi ne da Pi ke magana da sensa da sauran na'urori. I2C yana kan ta 3 da ta 5, wato GPIO2 na SDA (layin bayani) da GPIO3 na SCL (layin agogo). SPI yana kan 19, 21, 23, 24 da 26. Layin siriyal yana kan 8 da 10. Ta 7 ita ce aka saba bai wa 1-Wire. Umarnin `pinout` yana zana maka duka wannan a kan allon kwamfuta, ya kuma nuna maka ta wane gefe ƙafa ta 1 take.

Sensa ta mai 5V ce. Zan iya haɗa ta kai tsaye?

Wutar da za ta ci za ka iya ɗebo ta daga ƙafa ta 2. Matsalar tana wajen siginar da take mayar wa Pi. Ƙafafun GPIO na 3.3V ne, ba su jure 5V, kuma babu wata kariya tsakaninsu da ƙwaƙwalwar kwamfutar. Wani lokaci ƙafar tana mutuwa nan take, wani lokaci ta yi makonni tana aiki sannan ta tsaya, abin da ke sa mutane su ɗauka ba laifi.

Misalin da aka fi gani shi ne HC-SR04 mai auna nisa da sauti, wadda ake sa wa a tankin ruwa. Ƙafarta ta Echo 5V take fitarwa. Maganin rezista biyu ne: 1k daga Echo zuwa ƙafar GPIO, sai 2k daga wannan mahaɗar zuwa GND. Abin da zai isa Pi kusan 3.3V ne. Ƙafar Trig ba ta buƙatar komai, 3.3V na Pi ya ishe ta. Idan tanki ne da gaske, JSN-SR04T ta fi dacewa saboda ba ta jin danshi, amma ba ta ganin abin da ke kusa da ita ƙasa da santimita 20 zuwa 25, don haka a ɗaga ta sama da inda ruwa ke tsayawa in tanki ya cika.

Rabon rezista ba ya yi a I2C, domin bayani yana tafiya gaba da baya a waya ɗaya. Nan ana buƙatar ɗan allon sauya boltej mai taranzista BSS138: gefen LV zuwa 3.3V, gefen HV zuwa 5V, GND a haɗe. Akwai tarko a allon rubutu na LCD 1602 mai PCF8574 a bayansa. Yakan zo da rezistocinsa da ke jan layin zuwa 5V. Idan nasa 4.7k ne, suka haɗu da 1.8k na cikin Pi da ke ja zuwa 3.3V, layin zai tsaya a kusan 3.8V. Zai yi aiki, amma ya wuce ƙa'ida. Ko dai a cire waɗannan rezistoci biyu da soldarin ayan, ko a sa allon sauya boltej.

Ƙafa ɗaya amfiya nawa za ta iya bayarwa?

Kaɗan ƙwarai. Iyakar ƙafa ɗaya 16mA ce, kuma shawarar da aka daɗe ana bi ita ce kada jimillar duka ƙafafun ta wuce kusan 50mA. Wannan ya isa ɗan ƙwan LED da rezista 330 a gabansa. Bai isa rile ba, balle mota ko fanka. Ƙafar GPIO umarni take bayarwa, wutar aikin daga wani wuri za ta zo.

Na sayi sensar danshin ƙasa, amma Pi ba ta karanta komai sai 0 da 1. Me ya faru?

Pi ba ta da hanyar auna boltej mai hawa da sauka, saɓanin Arduino. Ƙafarta "akwai" ko "babu" kawai ta sani. Duk sensar da ke fitar da analog, kamar ta danshin ƙasa, ta haske, ta pH ko ta iskar gas irin MQ, sai an sa mata ADC, mai mayar da boltej lamba, a tsakani. Biyu aka fi samu. MCP3008 yana da mashiga 8, bit 10, yana magana ta SPI. ADS1115 yana da mashiga 4, bit 16, yana magana ta I2C, kuma ana iya jera huɗu a layi ɗaya daga adireshi 0x48 zuwa 0x4B. Mun fi son ADS1115 a aikin gona da na batir, inda daidaito ya fi sauri muhimmanci. Allunan sensa irin Grove Base HAT na kamfanin Seeed Studio suna zuwa da ADC a jikinsu.

Kada boltej ɗin da ke shiga ADC ya wuce wutar da shi kansa yake ci. Don auna batir mai 12V, wanda ke hawa kusan 14.4V yayin caji, sa 47k daga fositif ɗin batir zuwa mashigar ADC, sai 10k daga nan zuwa GND. Za ka ga kusan 2.5V, ka ninka abin da ka karanta sau 5.7 a manhaja. Sensocin masana'antu masu 4 zuwa 20mA kuwa, rezista 150 tana mayar da siginarsu 0.6V zuwa 3V.

Game da sensar danshi ita kanta: mai tsinke biyu na ƙarfe tsirara tsatsa ke cinye ta cikin ɗan lokaci idan wuta na bi ta cikinta dare da rana. A nemi irin ta kafasita mai rufaffen jiki, a shafe gefunanta da saman da kayan lantarki suke da gam mai hana ruwa.

Na rubuta `i2cdetect -y 1`, umarnin da ke nuna na'urorin da ke kan I2C, amma jadawalin fayau yake. Ta ina zan fara?

Fara da kunna I2C a `raspi-config`, ka sake tayar da Pi. Sai ka ɗauki mita ka auna wuta a ƙafar sensar ita kanta, ba a gefen Pi ba, domin siraran wayoyin nan masu launi-launi suna yawan tsinkewa a cikin robarsu. Daga nan duba ko SDA da SCL sun yi musaya. Idan ɗan allon sensar ya zo da ƙafafunsa a leda, dole a liƙa su da dalma. Zura su kawai cikin ramuka ba ya haɗa komai.

Idan jadawalin ya cika da lambobi a kowane gurbi, SDA ce ta manne da GND a wani wuri. Idan ka ga `UU`, ba matsala ba ce: direban cikin Linux ya riga ya kama na'urar. Idan sensar tana bayyana tana ɓacewa, rage gudun layin da `dtparam=i2c_arm_baudrate=10000`. Pi 4 da waɗanda suka gabace ta ba su iya jira yadda ya kamata ba idan sensa ta riƙe layin agogo tana neman lokaci, kuma rage gudu yakan kashe wannan matsalar.

Wani abu da ke ruɗa masu saye: an biya kuɗin BME280, ta bayyana a 0x76, zafi da matsin iska suna fitowa, amma danshi babu. Mai yiwuwa BMP280 aka aiko, wadda ba ta auna danshi. Lambar shaidar da ke cikinta tana raba gardama: 0x60 BME280 ce, 0x58 BMP280.

Ana iya ɗora allo biyu ko uku a kan juna?

Ana iya, da soket mai dogayen ƙafafu da ginshiƙan M2.5 masu tsawon milimita 11 ko fiye. Amma kafin ka saya, ka rubuta a takarda ƙafafun da kowane allo ke amfani da su. Ƙafar GPIO ta yau da kullum ba a raba ta tsakanin allo biyu. I2C ana rabawa muddin adireshi bai zo ɗaya ba, kuma suna yawan zuwa ɗaya. Agogon DS3231 da sensar motsi MPU6050 duk 0x68 ne. Haɗa ƙafar AD0 ta MPU6050 da 3.3V yana mayar da ita 0x69. INA219 mai auna wuta da PCA9685 mai tuƙa motar sabo (servo) duk 0x40 ne, amma suna da wuraren ɗiga dalma don canja adireshi. Idan kana son sensa biyar iri ɗaya marasa canjin adireshi, TCA9548A yana raba layi ɗaya gida takwas.

SPI na farko na'ura biyu kawai yake zaɓa da ƙafa ta 24 da ta 26, don haka allon hoto da allon rediyon LoRa sukan yi karo a nan. Haka kuma HAT biyu masu EEPROM suna gwamutsuwa a adireshi ɗaya, Pi ta kasa gane kowanne, sai an yi saiti da hannu.

Sensa ta tana nesa da Pi, kamar mita 30. Wace waya ce za ta yi?

I2C an yi shi ne don cikin akwati ɗaya. Da ya wuce mita ɗaya ko biyu sai ya fara wasa. Don zafi, DS18B20 ta 1-Wire tana jure gomman mitoci a kebul ɗin intanet mai murɗaɗɗun wayoyi. Sa rezista 4.7k tsakanin layin bayani da 3.3V, ka rage ta zuwa 2.2k in wayar ta yi tsawo, ka yi amfani da wayoyinta uku duka. Ƙara `dtoverlay=w1-gpio` a `config.txt`, kowace sensa za ta fito a `/sys/bus/w1/devices/` da suna mai farawa da 28. Ana iya jera da yawa a waya ɗaya, abin da ya sa ta dace da injin ƙyanƙyasa ko ɗakin ajiyar kaya. Idan ta nuna 85.0 daidai, ba zafi ba ne. Lambar da take farawa da ita ce in ta tashi, alamar wuta ta yanke mata kafin ta gama awo.

Abin da ya wuce haka, ko inda waya za ta bi kusa da injin ban ruwa, aikin layin siriyal na RS485 ne, wanda ke kai wa mita 1,200 da rezista 120 a kowane ƙarshen layi. A zaɓi allo mai MAX3485 na 3.3V, ko mai raba wutar layi da ta Pi gaba ɗaya. MAX485 na 5V yana mayar wa Pi 5V a ƙafa ta 10.

Pi tana ta sake tashi da kanta, ko tana nuna gargaɗin ƙarancin wuta, alhali cajar an rubuta mata 3A. Me ya sa?

Yawancin abin da ake ɗora wa manhaja ko sensa laifi, daga nan yake tasowa. Pi 4 tana son 5.1V da 3A. Pi 5 tana son 5A idan za a rataya mata kayan USB masu cin wuta. Da caja mai 3A tana taƙaita dukkan USB ɗinta zuwa 600mA. Da zarar boltej ya faɗi ƙasa da 4.63V sai Pi ta rage gudunta, ta yi gargaɗi, kuma a Pi 3 da Pi 4 jan ƙwan da ke jikinta ya mutu ko ya yi ƙifta.

Rubuta `vcgencmd get_throttled`. Amsar `0x0` lafiya ce. `0x50000` na nufin wuta ta taɓa faɗuwa tun da aka kunna. `0x50005` na nufin yanzu haka tana ƙasa.

Sau da yawa kebul ne, ba kan cajar ba. Siririyar waya mai lamba 28 tana da turjiyar kusan 0.2 om a kowace mita. Kebul mai mita ɗaya, zuwa da dawowa, ya zama 0.4, in Pi ta ja 2A, an yi asarar 0.8V a hanya, abin da ya iso 4.3V ne. A nemi gajere mai kauri. Cajar waya mai saurin caji ma ba tabbas ba ce, domin yawancin wat ɗin da aka rubuta mata a 9V ko 12V take bayar da su, a 5V kuwa ƙila 2A ne. A tuna kuma duk abin da allon ƙari ya ci daga ƙafa ta 2 da ta 4 daga wannan cajar yake fitowa. Modem ɗin 4G ko na GSM yana fizgar wuta har kusan 2A na ɗan ƙiftawa lokacin aika saƙo, kuma wannan fizgar ta isa ta kayar da Pi.

Ina son in kunna Pi da batirin sola mai 12V. Yaya zan yi?

Ana buƙatar allon rage wuta daga 12V zuwa 5V. Jerin haɗin shi ne: batir, kwanturolar caji, fiyus mai 2A ko 3A, allon rage wuta, sannan Pi. A ɗebo wutar daga mafitar kaya ta kwanturola, don ta yanke kafin batir ya tsotse.

Idan allon mai sukurun saiti ne, kamar LM2596 ko XL4015, ka saita shi a 5.1V da mita tun Pi ba ta haɗe ba. Sabon allo yakan fito da boltej kusan daidai da wanda ya shiga, wato 12V, kuma daƙiƙa ɗaya ta isa. LM2596 an rubuta masa 3A, amma in babu ƙarfen zuƙe zafi kada a wuce 2A. Ga Pi 4 XL4015 ya fi kwanciyar hankali. Wanda aka kafe a 5V daga masana'anta ya fi duka, tun da ba shi da sukurun da zai goce.

Shigar da wutar ta ƙafa ta 2 da ta 4 yana aiki, amma a Pi 3 Model B hakan ya tsallake fiyus ɗin da ke hanyar USB, kuma a kowace Pi kuskuren juya fositif da nagetif ba shi da gyara. A yi amfani da ƙafafun 5V biyun da GND biyu, da waya mai kauri. Kada a ba da wuta ta ƙafafu da ta USB lokaci ɗaya, sai in allon yana da kariyar hana wuta komawa baya. Pi 5 da aka ciyar ta ƙafafu ba ta san ƙarfin wutarta ba, don haka in ka tabbata 5A ne sai ka ƙara `usb_max_current_enable=1`.

Lissafin batir mai sauƙi ne. Pi 4 da 'yan sensoci, a ce wat 4, awa 24, ya kama 96Wh a rana, da asarar allon ragewa kusan 113Wh. Batirin dalma 12V 20Ah yana da 240Wh, rabinsa kawai ake taɓawa in ana son ya daɗe, wato kwana ɗaya ke nan ba rana. Fanel mai wat 50 zai iya cika shi, in ana share masa ƙurar hunturu. Pi Zero 2 W tana cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan. Idan ma aikin karanta sensa ne kawai a aika lamba, ƙananan alluna irin ESP32 ko Pico W sun fi Pi dacewa nesa ba kusa ba.

Allon UPS (mai riƙe wuta in an ɗauke) mai batir 18650 yana da amfani, ko fawa bank ya isa?

Inda ake yawan ɗauke wuta, abin da ke fara mutuwa katin memorin Pi ne. In wuta ta yanke Pi na tsakiyar rubutu, fayiloli su lalace, wata rana ta ƙi tashi. Yawancin fawa bank suna yanke wuta na ɗan lokaci idan aka sa musu caji ko aka cire, kuma wannan ya isa Pi ta mutu ta sake tashi. Allon UPS an gina shi ne don kada a samu wannan giɓin.

Babban amfaninsa ba tsawon awoyi ba ne. Batir biyu masu 3,000mAh kusan 21Wh ne, awa huɗu da ɗoriya ga Pi mai cin wat 4. Abin nema shi ne allon da ke sanar da Pi ƙarfin batir ta I2C, don ta rufe kanta cikin tsari kafin ya ƙare, kuma ya sake tayar da ita in wuta ta dawo. Ba kowanne ke yin na biyun ba, a karanta takardarsa.

Batirin 18650 na gaskiya bai cika wuce 3,500mAh ba, kuma nauyinsa kusan giram 45 ne. Wanda aka rubuta wa 9,900mAh ƙarya ce tsagwaronta. Araha ba ta ado. Ba a cajin irin wannan batir a zafin da ya wuce digiri 45, kuma rufaffen akwati a rana a watan Afrilu yana wuce haka cikin sauƙi. A ajiye shi a inuwa, ko a nemi allo mai batirin LiFePO4.

PoE fa?

Wuta da intanet a kebul ɗaya har mita 100, abu mai kyau ga kyamara ko Pi da ke kan rufi. Pi 3B+ da Pi 4 suna da ƙafafu huɗu na musamman don haka. Allon PoE na 2018 yana ba da 2.5A, PoE+ na 2021 yana ba da 4A. Dole abin da ke turo wutar ya bi ƙa'idar 802.3af ko 802.3at, masu 24V da ake ciyar da eriyar intanet da su ba sa tayar da shi. An canja wa ƙafafun nan huɗu wuri a Pi 5, tsofaffin alluna ba sa zama. Kebul ya kasance na tagulla zalla, ba alminiyam da aka yi wa wankan tagulla ba.

Zan iya kunna injin sumo da allon rile?

Kada rilen ya ɗauki injin da kansa. 10A da aka rubuta a kansa na kaya irin ƙwan fitila ne. Injin ruwa yana jan ninki da yawa na amfiyarsa lokacin tashi, tartsatsin ya narkar da bakin rilen ya manne, injin ya ƙi mutuwa ko da Pi ta ce ya mutu. Rile ya kunna kwantakta, wato babban makunnin da ke ɗaukar wutar inji, kwantakta ta kunna injin. Ɓangaren 230V kuma aikin mai gyaran wuta ne, cikin akwati rufaffe. A yi amfani da bakin NO na rilen, wanda ke buɗe in ba wuta, don in Pi ta mutu injin ya tsaya, a kuma bar makunnin nan mai yawo a kan ruwa a layin kwantakta, ko da manhaja ta sandare tanki ba zai yi ambaliya ba.

A gefen Pi, naɗin rile mai 5V yana jan kusan 70mA, guda takwas sun haura rabin amfiya. Cire ɗan hular da ke tsakanin VCC da JD-VCC, ka ba JD-VCC wutar 5V ta daban, ka haɗa VCC da 3.3V na Pi. Yawancin allunan nan suna kunnuwa ne idan ƙafa ta sauka 0V. GPIO9 zuwa GPIO27 kuwa a ƙasa suke lokacin da Pi ke tashi, shi ya sa wani rilen ke yin ƙas kafin manhaja ta fara. Layi kamar `gpio=17=op,dh` a `config.txt` yana ɗaga ƙafar da wuri, ko a zaɓi GPIO5 ko GPIO6 waɗanda ke tashi a sama.

Da motar sabo (servo) ta motsa sai Pi ta mutu.

Ƙaramin SG90 in ya cije yana jan fiye da rabin amfiya, MG996R kusan 2.5A. Ba su wutarsu daban, GND kaɗai za a haɗa da na Pi. In ba a haɗa GND ba sabon zai yi ta karkarwa. PCA9685 yana tuƙa 16 ba rawa. Ga ƙananan motoci TB6612FNG ya fi L298N, wanda ke cinye kusan 2V ya mayar zafi.

Sensar zafin da ke kan allon tana nuna fiye da gaskiya.

Zafin Pi take ji. Ko Sense HAT, wanda aka yi a 2015 don shirin Astro Pi da aka kai tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, yana da wannan halin, domin sensarsa tana zaune a saman ƙwaƙwalwar kwamfutar. A fitar da sensar waje da gajeriyar waya, ko a ɗaga allon da kebul mai faɗi na ƙafafu 40. Ita Pi tana fara rage gudu daga digiri 80. `vcgencmd measure_temp` zai nuna maka. Allon ƙari yana toshe mata iska, don haka a sa dogayen ginshiƙai, a riƙa hure ƙurar fanka.

Lokacin da ke kan bayanan da na tara ba daidai ba ne.

Pi 4 da waɗanda suka gabace ta ba su da agogo mai batir, daga intanet suke samun lokaci. DS3231 da `dtoverlay=i2c-rtc,ds3231` sun wadatar. Hattara da shuɗin allon nan ZS-042: yana ƙoƙarin cajin batirinsa, kuma CR2032 ba a cajinsa, yakan kumbura idan an ba allon 5V. A ba shi 3.3V, ko a cire rezistar da aka rubuta wa 201. Pi 5 tana da agogo a jikinta, batir kawai za a saya mata.

Allon ya yi aiki a Pi 4, ya ƙi a Pi 5 ko Orange Pi.

A Pi 5 wani IC daban mai suna RP1 ne ke riƙe da ƙafafu, shi ya sa tsohon laburaren RPi.GPIO ba ya aiki. A koma gpiozero, ko a sa rpi-lgpio a madadinsa ba tare da canja lambar manhajar ba. Tun sigar Bookworm ta Raspberry Pi OS kuma fayil ɗin saiti ya koma `/boot/firmware/config.txt`. Su Orange Pi, Banana Pi da Radxa, ƙafafun wuta da I2C sukan zo wuri ɗaya da na Pi, amma lambobin GPIO da direbobi daban ne, kuma a wasu an juya jerin ƙafafun. A nemo ƙafa ta 1 da mita kafin a dasa komai.

Na dasa allo, Pi ta ƙi tashi. Ta ƙone ke nan?

Cire wuta, cire allon, cire duk abin da ke USB, sannan ka kunna ta ita kaɗai. Sa baƙar wayar mita a ƙafa ta 6. Ƙafa ta 2 ta nuna kusan 5V, ta 1 ta nuna 3.3V. Yi a hankali, domin ta 1 da ta 2 maƙwabta ne, kuma in tsinken mita ya taɓa su tare, shi kansa yana kashe IC mai raba wuta. In duka biyun suna nan, gwada wani memori da aka rubuta sabo. Sau da yawa shi ne. In 5V na nan amma 3.3V babu, IC ɗin wutar ya tafi, kuma gyaransa sai mai hita da gwanintar gyaran waya. In Pi ta tashi ita kaɗai amma ta ƙi da allon, duba ko soket ɗin ya goce da ƙafa ɗaya ko layi ɗaya lokacin dasawa, sannan ka auna tsakanin 5V da GND na allon yana cire, mita tana kan om. In ta nuna kusan sifili, akwai dalma ko gashin waya da ya haɗe su, kada a mayar da shi kan Pi sai an gano wurin.